Ruwan da Ya Cika Ƙirjin Mainasara

Mainasara ɗan kawuna ne, ni kuma ɗiyar gwaggonsa, saboda haka tun muna yawo ba riga nake da izinin faɗa masa duk abin da ya zo bakina. Na kuwa ci moriyar izinin nan, ban rage komai ba. Kwaɗo nake ce masa, shi kuma ya ce da ni Uwar Hayaƙi, don ni Rakiya sana'ata bandar kifi ce, idanuna kullum jajur. Amma a gaban mutane ne kawai nake raina shi. A cikin raina ban taɓa ganin ɗan Adam irinsa ba, kuma har yau da na tsufa ban gani ba.

A gungu aka haife mu, tsakiyar Kwara. Da aka tare kogin a Kainji sai ruwa ya yi baya, ya cinye gungun da gonakin albasarmu da kushewun kakanninmu. Gwamnati ta kwashe mu ta zuba a wasu gidajen siminti a bakin sabon tabkin, a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. Mutane suka yi kuka suka gaji, suka koma kamun kifi, don a shekarun nan kifi ya yi yawa har yara suna wasa da shi. Sai dai tabkin yana da mugun hali ɗaya. Ba duk itatuwa aka sare ba kafin ruwa ya zo. Kuka da tsamiya da ɗorawa suna nan tsaye a ƙasa da rassansu. Mutum zai zuba tarunsa lafiya lau, ya zo ja ya ji ya ƙi zuwa. Taru kuwa a lokacin shi ne gonar mai shi, shi ne rumbunsa.

Nan Allah ya buɗe wa Mainasara hanyar abincinsa. Kowa a tungarmu ya iya nutso, har 'yan mata, amma abin da yake yi daban ne. Idan taru ya sarƙe, wasu sukan shiga da wuƙa su yanko abin da ya samu. Shi ba ya yanka. Zai sauka har inda hasken rana ba ya kaiwa, ya bi reshe-reshe da hannu yana kwance zaren kamar mace tana tsefe kan 'yarta, ya fito wa mai taru da abinsa ba ko huda.

Na sha kallonsa, don mu masu banda mukan bi masunta da ƙananan kwalekwalenmu mu karɓi kifi tun a kan ruwa. Idan an kai shi wurin, ba ya gaggawa. Sai ya dubi duwatsun gabas, ya dubi na yamma, ya ce wannan ai tsamiyar bayan gidan wane ce, tana da reshe da ya karkata kudu. Ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya ja numfashi har haƙarƙarinsa su fito fili, ya sulale cikin ruwa ba ko fantsama. Daga nan sai jira. Za ka karanta Fatiha, ka ƙara da duk surar da ka haddace, ka koma farko. Hira ta mutu a jirage. Wani ya fara tunanin wanda za a aika ya gaya wa Tabawa matarsa. Sai can ka ga kansa ya ɓullo, ya fyace hanci, ya ce a ja. Duk ranar da na ga haka sai tsikar jikina ta tashi, amma sai in ce masa kwaɗon gaske ma ya fi shi kyan gani.

Ba don taru kaɗai ake nemansa ba. Tsofaffi kan tare shi a hanya su tambayi labarin gida, don shi ne mutum ɗaya da har yanzu yake zuwa garinmu na dā. Ya taɓa gaya wa Innata cewa dutsen niƙanta yana nan inda ta bar shi, ya shafa shi da hannunsa, sai dai gansakuka ta rufe shi. Inna ta wuni tana kuka tana sa masa albarka. Idan ya bi ta kan maƙabarta yakan yi musu sallama a zuci, ya dawo ya ce suna nan lafiya, babu mai damunsu sai tarwaɗa.

A tudu kuwa ba za ka dube shi sau biyu ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafiyarsa a gwame, gonarsa ta gero ita ce ta fi ta kowa ciyawa. Ba ya ciniki a kan aikinsa, abin da mai taru ya jefa masa na kifi shi ke nan. Yana tsoron allura, yana tsoron kare. Kuma Allah ya yi shi da son gishiri. Busasshen kifin da na riga na barbaɗe sai ya sake dangwala shi, garin tabarsa kuma rabi kanwa ce.

Ba a daɗe da mayar da mu jihar Sakkwato ba, ƙayar kifin ƙurungu ta soke shi a tafin hannu, hannun ya kumbura, dole ya je ɗakin shan magani na Wara. Malamin asibitin wani Bakambare ne mai suna Bitrus, ɗan siriri mai yawan tambaya. Ya wanke ciwon ya ɗaure, sannan ya naɗa masa wani ƙyalle a dantse, ya riƙa matsa 'yar roba yana saurare. Ya kwance ya sake naɗawa. Ya gaya masa jininsa ya hau ƙwarai, kuma idan aka bar shi haka wata rana zuciyarsa za ta gaji. Mainasara ya tambaye shi to ina ne ke ciwo. Bitrus ya ce ai wannan cutar ba ta sallama kafin ta shigo. Mainasara ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce su toshe hanci su biyu a ga wanda ba shi da lafiya.

Kada ka ce wauta ce. A wajenmu lafiyar namiji a numfashinsa ake auna ta. Mutumin da ke yin abin da Mainasara ke yi a ƙasan ruwa, wa zai ce masa ba shi da lafiya ya yarda? Ya karɓi ƙwayoyin don kunya, ya sha na 'yan kwanaki, ya ce sun dame shi da fitsari, kuma idan ya miƙe a jirgi sai jiri ya ɗebe shi. Ya tura su saman katanga. Ƙeyarsa takan yi nauyi, sai ya kira wanzami a yi masa ƙaho, ya ce an zuƙe mataccen jini. Yakan yi haɓo, sai mu ce zurfi ne. Haka aka ci shekaru yana shiga yana fita, sunansa yana ƙara nisa. Har daga Shanga da tsallaken Borgu ake zuwa da jirgin inji a ɗauke shi.

Abin ya zo a hankali, babu wanda zai ce ga ranar da ya fara. Na lura ya soma fitowa da wuri, ya huta, ya koma, a aikin da dā yake gamawa a shiga ɗaya. Na tsokane shi na ce kwaɗo ya tsufa, bai rama ba, wannan ne ya fara ba ni tsoro. Sai gangaren da ke tsakanin bakin ruwa da gida ya zame masa aiki, yana tsayawa a tsakiya wai yana kallon shanun Fulani. Takalmansa suka ƙi shiga. Tabawa ta gaya mini a asirce cewa ya daina kwanciya, a zaune yake barci ya jingina da bango, domin da ya miƙe sai numfashi ya sarƙe ya tashi yana laluben iska. Na je dubiya na zauna kusa da shi, na ji ƙirjinsa yana ƙara kamar tulun da aka tsoma a rafi. Ya yi tari, wata kumfa ta fito. Mutumin da ruwa bai taɓa shaƙewa ba, ga shi yana nutsewa a kan tabarma a tsakar gidansa.

Ba a yi gardama a kan cutar ba, don kowa ya ga amsar a fili. Mutum ya yi shekara da shekaru yana shiga tabki, ruwa yana bin kunnensa da hancinsa kaɗan-kaɗan, yau ga shi ya taru ya cika masa ƙirji ya gangaro ƙafa. Ruwa ne da sanyi, maganinsu kuwa wuta da kanwa, ko yarinya ta san wannan. Tabawa ta sa aka gina masa gadon ƙasa irin na mai jego, ana hura wuta a ƙarƙashi. Ta riƙa dama masa kunun kanwa safe da yamma, mai kauri, da jar kanwar da ake cewa tana tsinka sanyi. Ta yi masa farfesun kan giwan ruwa, ta cika gishiri da yaji don bakinsa ya buɗe.

Sai kuma gari ya tashi rama alheri. Duk gidan da ya taɓa ceto musu taru suka riƙa aiko da ƙwaryar kunu, kowace mace tana ƙara kanwa don kada a ce nata ya gaza. Shi kuma mutum ne da ba ya iya cewa ya ƙoshi da abin da aka kawo masa don so. Yakan kurɓi na kowa, ya ce a gaida mai kunun. Ban taɓa ganin an so mutum a tungarmu kamar yadda aka so shi a lokacin nan ba, kullum kuma sai ya wayi gari ya fi jiya nauyi.

Ni ma na yarda da maganar sanyi, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Tun ina budurwa nake ɗora abu a kan wuta, kuma duk abin da na ɗora motsewa yake yi. Wannan an gasa an gasa, sai ƙara cika yake. Wata safiya na danna ƙwaurinsa da babban yatsa, na ɗauke, ramin ya zauna bai taso ba. Leɓɓansa sun yi duhu. Na dubi Tabawa na ce a fito da shi a tafi asibiti.

Ta ce ba inda za shi, magani ne bai gama aiki ba, kuma iskar kan ruwa za ta ƙarasa shi. Muka yi ta yi ni da ita, har maƙwabta suka leƙo. Ban ga laifinta ba, mijinta ne, ta fi ni rashin barci a kansa. Amma ni idan na kafe na kafe. Daga ƙarshe na juya kansa.

"Kai Kwaɗo, in mutuwa za ka yi, tashi ka tahi ka mutu gaban likita. Ba za a kyahe min ɗan kawu ina kallo ba."

Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya hana shi. Ya ɗaga wa Isa hannu, babban ɗansa wanda a lokacin ya riga ya yi aure har da 'ya'ya, ya ce a ɗauke shi.

Ranar kasuwar Yawuri ce. Muka shiga jirgin inji tsakanin kwandunan kifina, Isa ya zauna a bayansa ya zame masa bango, Tabawa ta lulluɓe shi da duk zanen da ta mallaka. Tsawon tafiyar idona na kan haƙarƙarinsa. A babban asibiti wa za mu tarar in ba Bitrus ba, an yi masa canji zuwa can, kansa ya fara furfura. Ya gane Mainasara nan take. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma har yau ina gode masa da wannan. Ya dai naɗa ƙyallen nan, ya duba, ya ruga kiran likita.

Suka yi masa allura, ko gezau bai yi ba don ba shi da ƙarfin jin tsoro, suka tokare shi da matasai. Kafin la'asar sai fitsari ba tsayawa, Isa yana fita da bokiti yana dawowa. Ruwan da muka yi ta kora da wuta ya fita da kansa ta hanyar da Allah ya yi masa. Washegari na tarar da shi ya ɗan kishingiɗa yana barci, bakinsa a rufe. Na tsaya a kansa ina kallon numfashi yana shiga yana fita ba kokawa, na ce Allah mai iko.

Da ya samu ƙarfi aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan, wani Ba'indiye, ya ɗaga hoton a jikin taga, yana magana Bitrus yana mayarwa da Hausa. Ga haƙarƙari a jere kamar na kifin da aka cinye. A tsakiya ga wani farin abu ƙato, ya tokare hagu, ya ci fiye da rabin ƙirjin. Aka ce wannan ita ce zuciyarsa. Bitrus ya ɗauko hoton wani mai lafiya ya haɗa, sai ga ta wancan 'yar ƙarama, ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Na dubi wannan na dubi waccan. Duk shekarun nan muna tsaye a jirage muna mamakin numfashinsa, ashe ga mai aikin a ɓoye, babu wanda ya taɓa ce mata sannu.

Bitrus ya yi mana bayani da abin da muka sani. Ya ce zuciya tura jini take yi cikin jijiyoyi, dare da rana, tun mutum yana ciki. Idan jini ya hau, ta zama mai tuƙin da aka juya wa jirgi ya fuskanci ruwan cikowa, kowane bugu sai ya sa ƙarfi biyu. Da farko dantsensa zai yi kauri, kowa ya ce ga ƙarfi. Haka zuciyar Mainasara ta yi, ta yi kauri ta jure, shi ya sa bai ji komai ba. Amma mai tuƙi yana da gaɓar da zai tsaya ya huta, ita ba ta da. Da ta gaji sai ta saki, ta buɗe, ta kasa tura abin da ke zuwa mata. Jini ya yi cunkoso a baya, ruwansa ya tsattsafo cikin huhu da ƙafafu. Ko ɗigon tabki babu a ƙirjinsa, ruwan jikinsa ne.

Mainasara ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce a hankali:

"Awa yadda anka tare Kwara, ruwa yak koma baya yac ci gungunmu."

Bitrus ya ce haka ne.

Sai Mainasara ya roƙi a ba shi abin nan da likita ke sa wa a kunne. Aka saƙala masa, Bitrus ya ɗora bakin a gefen hagu na ƙirjinsa. Na ga fuskarsa ta sake. Wannan mutum ya je inda babu wanda ya je a cikinmu, ya taɓa abubuwan da ruwa ya binne, bai taɓa dawowa da mamaki a fuska ba. Ran nan sai ga shi baki buɗe, ido ya cika da ƙwalla. Ya ce zuciyar tana gudu tana tuntuɓe, amma ba ta tsaya ba. Ya ce a can ƙasa, inda babu sauran wata ƙara, ya sha jin wannan bugun a kunnensa, ya ɗauka tabkin ne ke yi.

"Ashe ba ni ɗai ka nutso ba, Rakiya. Ni ka ɗauke numfashi, ita ka ɗaukar wahala."

Maganar kanwa ce ta fi zafi. Da aka tambayi abin da yake ci, Tabawa ta faɗa da alfaharinta, don ta san ba ta yi masa ƙwauro ba. Bitrus ya ce gishiri da kanwa riƙe ruwa suke yi a jiki, su ƙara hawan jinin. Ya ce ta tuna yadda gishiri ke jiƙewa da kansa a ƙwarya idan damina ta yi. Kowane ludayin kunu lodi ne aka ƙara wa zuciyar da ta riga ta durƙusa. Tabawa ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Mainasara ya miƙo hannu ya ja gefen mayafin a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce mata abin da ta sani ta ba shi, abin da uwarta ta ba ta, shi ne aka gaya wa gaskiya tun da daɗewa ya tura ta saman katanga.

Likita ya kafa masa sharuɗɗa. Ƙwayoyi kullum har iyakar rai, ko ya ji garau. Ba gishiri, ba kanwa. Kuma ba nutso, domin sanyin zurfi da ɗauke numfashi za su iya tsayar da zuciyar a shiga ɗaya. Na farko da na biyu ya ce to. Da aka zo na ukun sai ya dubi taga.

Ya dawo gida ramamme, fata ta saki a ƙafafu, amma yana tafiya da kansa. Tabawa ta koyi miyar lami, ita ma ta daina cin gishiri don kada ransa ya biya. Mata suka daina aiko da kunu, wasu da fushi, don ba kowa ya yarda da maganar asibiti ba. Ya koma zama a inuwa a bakin ruwa yana ɗinke wa mutane taru. Ya samo wata sabuwar ɗabi'a ta ɗora tafin hannu a ƙirji yana magana ƙasa-ƙasa. Tsohuwa yake ce wa zuciyar. In zai hau gangare sai ya ce tsohuwa a hankali, in ya haɗiye ƙwaya ya ce ga naki. Yara suna dariya, ni kuwa da bakina duka ban taɓa tsokanarsa da wannan ba.

Tsorona ɗaya ne, kuma yana ƙaruwa ne daidai yadda lafiyarsa ke ƙaruwa. Da naman jikinsa ya dawo sai idonsa ya koma kan ruwa. Ana zuwa kiransa yana ba da haƙuri, amma sai ya raka masu kiran da ido har su ɓace. Wata rana na same shi zaune shiru, wuyansa ya cika, jijiyoyin goshi sun tashi. Gwada numfashinsa yake a ɓoye. Na yi masa tas, na ce in ya gaji da duniya ya faɗa a fara haƙa tun ƙasa na da laushi. Ya saki iskar, ya ce mini numfashinsa yana nan fa, bai tafi ko'ina ba. Abin da nake gudu ke nan. Numfashin bai gudu ba, kuma shi ne zai yaudare shi.

Shekara ta kewayo, ruwa ya cika, kifi ya shigo. Isa da wani maƙwabcinmu Cindo da wasu gidaje sun haɗa ƙarfi sun yi babban taru, rani guda suna saƙa shi. Abincin gidaje da yawa na wannan shekara yana cikinsa, har da na jikokin Mainasara. Bai yi fita nawa ba ya sarƙe a wuri mai zurfi, da kifi a ciki, ana jin motsinsu a igiya. Isa ya shiga ya fito da haɓo, bai kai ba. Sauran masu ƙarfi suka gwada suka kasa. Cindo ya tuƙo zuwa gaɓa, ya durƙusa a gaban Mainasara, ya ce kowa ya ga ya warke, kumburi ya sace, ƙarfi ya dawo. Ba mugunta ce ta sa shi ba, yana da bakuna da yawa da ke jiransa a gida. Mainasara ya ajiye zare ya bi shi.

Tabawa ce ta zo mini a guje ba mayafi. Na bar kifi a kan wuta na tura kwalekwalena. Da na isa ya riga ya tuɓe riga, yana tsaye a goshin jirgin Isa, hantsi ya yi, jirage sun yi masa zobe. Na buɗe baki sai na ga babu amfani. Duk abin da zan faɗa ya sani, ya ga hoton da idonsa, ya ji ta da kunnensa. Isa yana cewa Baba a bari, amma muryarsa ba ta fita sosai, don shi ma idonsa na kan igiyar.

Ya sauka cikin ruwa a hankali, ya riƙe gefen jirgi da hannu ɗaya, ruwa ya kai masa wuya. Na ga yadda jikinsa ya karɓi ruwan, kafaɗunsa suka saki, fuskarsa ta koma ta saurayi. Wallahi a wannan lokacin na sallama shi. Ya ja numfashi, irin jan nan da muka sani. Sai ya tsaya. Ya sa ɗaya hannun a ƙirji a ƙarƙashin ruwa, ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron magana ta bayan zana. Ya daɗe a haka, babu mai motsi, sai igiya da ke ƙara a jikin katako.

Sannan ya saki numfashin a iska. Ya miƙa wa Isa hannu ya ce a jawo shi. Ya zauna ruwa na zuba daga jikinsa, kansa a bushe. Ya ce a ba shi wuƙa.

"Baba, don Allah, shiga guda ɗai ta," in ji Cindo.

"Na tambaye ta, Cindo. Tun da anka haihe ni ba ta taɓa ce min a'a ba. Yau ta ce."

Ya sa aka jawo abin da zai jawu na tarun, ya kama igiya ya yanke da hannunsa, don kada a ce wani ne ya yi. Fiye da rabi ya tafi ƙasa da kifin da ke ciki. Cindo ya faɗi magana mai ɗaci, wadda ba zan maimaita ba tunda ya riga mu gidan gaskiya, kuma daga baya ya nemi gafara. Wasu suka kau da kai. Mainasara ya karɓi filafilin tuƙi daga hannun Isa, ya juya mana baya ya nufi gaɓa. Ina biye da shi ina ganin kafaɗunsa suna girgiza, amma tuƙinsa bai karkace ba. Na ga wannan mutum ya yi abubuwan da har gobe ake ba da labari, amma bai taɓa cika mini ido ba kamar ranar da ya fito da busasshen kai.

An sha wuya a shekarar nan, ba zan ɓoye ba. A gidan Isa sai da aka koma dafa rogo, kuma akwai waɗanda suka daina gaishe da Mainasara har damina ta wuce. Ya zauna ya saƙa musu rabin da ya yanke, ido bayan ido, bai bari kowa ya taya shi ba. Ya rayu shekaru masu dama bayan haka, ya ga auren jikarsa, ya rasu a kan shimfiɗarsa ana gab da ba mu jihar Kebbi. Amma tun daga ranar nan bai sake taka bakin tabkin ba. Ya mayar da wurin zamansa bayan gida, inda ba a hango ruwa. Na tambaye shi ko fushi yake da mutane. Ya ce a'a, kansa ne bai yarda da shi ba, don bai tabbata zai iya fitowa karo na biyu ba. Ko alwala zai yi, sai dai a ɗebo masa a buta.